Mayafin Inna a Lambun Sarkin Faransa

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, a zamanin da ta yi ƙuruciya, macen da ta san mutuncinta ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, can na girma, katanga ɗaya ce tsakaninmu da Inna. In na shiga gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. In za ta aike ni, sai ta ce wa ɗaya daga cikin ƙannena ya gaya wa wancan ya zo. Kowa ya ce mini kunya ce, ba ƙi ba ne, ni ma na yarda da baki. Amma har furfura ta fara fito mini a gemu ina jiran in ji yadda sunana zai fita daga bakinta ko sau ɗaya, ban kuwa taɓa gaya wa kowa ba.

A Dubai kuwa sunan nan nawa ya sha wuya. Ina aiki a wani kamfanin kargo a Port Saeed, inda tun safe har yamma ake jan sa ta kowane gefe. Maigidana Balarabe ya haɗiye rabinsa, Indiyawan ofis su gutsure masa wutsiya, 'yar Filifin da ke karɓar baƙi ta ƙara masa abin da ba a raɗa mini ba ranar suna. Mai shayin ƙasan bene da ya gaji sai ya koma ce mini habibi, wato masoyi, kamar yadda suke ce wa kowa. Duk ina amsawa. Wani lokaci ina tsaye bakin mashigin ruwa, ina kallon ana loda firji da tayoyi a jiragen katako, sai wani ya ƙwala mini kira daga nesa, in ce a raina: mutumin da bai san ko garinmu ba yana da izinin da uwar da ta haife ni ba ta ba kanta ba.

Abin da ya kai mu Faransa haihuwa ce. Autarmu tana aure a can, mijinta yana koyarwa a wata makaranta kusa da Paris, ga cikin fari ya tsufa, ga babu halin ta koma gida wankan jego. Aka yanke shawara Inna ce za ta je. Bayan an sha fama biza ta fito, ta biyo ta Dubai ta ɗan huta a wurinmu, ni kuma na ɗauki hutu don in raka ta, tunda ba ta jin kowane harshe sai Hausa da Larabcin salla.

Gidanmu a unguwar International City ɗaki biyu ne da falo. A nan na gane kunya ma tana buƙatar fili. A ƙauye akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai yara birjik da za a aika. A nan kuwa duk inda Inna ta juya sai ta ci karo da ni. Ta mai da 'ya'yana 'yan aike daga wannan kujera zuwa waccan: ku ce wa babanku abinci ya sauka, ku ce wa babanku ya rage sanyin nan. Matata 'yar birnin Kano ce, ba ta san wannan tsarin ba, ba ta kuma neman sani. Tana kiran sunan 'yarmu ta fari da ƙarfin da har 'yan Chinan da ke maƙwabtaka da mu sun haddace shi, ta haɗa da yalla da khalas irin na Larabawan Dubai, ta kama ta ta sumbace ta a goshi. In ta yi haka sai Inna ta sunkuyar da kai ta hau gyara bakin zanenta.

Wata rana da la'asar matata da yara sun fita kasuwar 'yan China, aka bar ni da Inna. Ta ɗora ruwa a kicin, ta kasa kashe murhun lantarki. Ina kwance a ɗaki na ji ta fara buga ludayi a gindin tukunya. Na yi lamo, na ce yau kam dole ta kira. Ta yi ta bugawa, ba sauri ba sanyi, har na ji ƙaurin ƙarfe, na tashi na je na kashe. Ta ce wa tukunyar, abin nan ba ya jin magana.

Saboda an ce ana sanyi a can, na kai ta Satwa wurin masu yadi. Ta zaɓi mayafi ruwan ƙasa mai kauri, irin wanda in ta zauna a gindin bango ba za a bambanta su ba. Ni kuma don neman magana na ƙara mata wani, ruwan ɗorawa mai haske, wanda ko makaho zai yi shaidarsa. Ta juya shi a hannu, ta ce wa matata wannan ai na 'yan mata ne. Ta ninke shi ta cusa can ƙasan akwati.

Mun tarar da auta ta sauka lafiya, namiji. Aka yi suna a ɗan falonsu, 'yan Nijar da 'yan Najeriya na unguwar suka cika shi har bakin ƙofa. Inna ta kama aikin da ya kawo ta: tafasa ruwan wanka, dama kunun kanwa, gasa jariri, tana mitar ƙasar da babu ganyen darbejiya ko ɗaya. Auta kuwa ta rungume ɗanta tana kiran sunansa tana yi masa waƙa a gaban kowa. Na zuba ido in ga ko Inna za ta tsawatar. Ta dube su na ɗan lokaci, ta ci gaba da matse tsumma.

Mijin auta ne ya kawo maganar fadar Versailles. Ya ce bai kamata Inna ta zo har nan ta koma ba ta ga gidan sarakunansu na dā ba, jirgin ƙasa kaɗai za a hau. Shi yana da aiki, kuma ko ba shi da shi Inna ba za ta jera da suruki a titi ba. Mai jego ba ta fita. Saura ni. Inna ta ce ita ba yawo ta zo ba, auta ta yi ta yi mata magiya har ta gaji ta yarda. Da safen da za mu tafi jariri ya yi mata tumbuɗi a mayafin ruwan ƙasa, aka wanke, ya ƙi bushewa. Haka ta ciro na ƙasan akwati ta yafa, fuskarta a ɗaure. Tun da nake, ban taɓa fita ni da ita mu biyu kaɗai ba sai ranar.

Daga tasha zuwa ƙofar fada 'yar tafiya ce. Inna ta biyo ni a baya, ta bar tazara. In na rage sauri ta rage, in na tsaya ta tsaya. Filin gaban fadar an shimfiɗe shi da duwatsu masu tudu da kwari, ita kuma ga ciwon gwiwa, ga ciwon suga. Na miƙa mata hannu ta dafa, ta yi kamar ba ta gani ba. Can gaba ƙofar ƙarfe tana walƙiya da ruwan zinariya, mutane sun yi layi kamar masu jiran jifan shaiɗan. Ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, kowace da jagora a gaba ya ɗaga 'yar tuta ko lema a rufe. Inna ta tambayi iska ko mene ne amfanin wannan. Na ce don kada mutanensu su ɓace ne, in sun hango tutar sai su nufo ta. Ta gyaɗa kai.

A ciki aka ba ni wata 'yar na'ura da ake karawa a kunne tana bayani, ni kuma ina juya wa Inna da Hausa. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba, sai na ji kaina kamar ɗalibi a gaban malami. Ɗaki ya buɗe cikin ɗaki, wannan ja, wancan kore, rufin kowanne an zane shi da mutane rabinsu tsirara suna shawagi a gajimare. Inna ta ɗaga kai sau ɗaya, ta yi a'uziyya, ba ta ƙara ɗagawa ba. Zinariyar ba ta girgiza ta ba, ta riga ta ga kasuwar zinariya ta Deira a Dubai. Abin da ya dame ta shi ne wa yake sharar gidan nan, kuma ina ɗakin girki, don ta ce duk abincin da za a ɗauko daga nesa haka kafin ya iso ya huce.

Sai muka shiga dogon zauren madubai. Ɓangare ɗaya tagogi ne masu kallon lambu, ɗaya ɓangaren madubai tun daga ƙasa har kusa da rufi, fitilu na lu'ulu'u suna rataye a jere. Jama'a ta matse mu, kowa ya ɗaga waya. Ina gaba, na waiga cikin madubi don in tabbatar tana biye. Sai na gan ta tana kallona. Ba kallon wucewa ba, kallo sosai, tun daga hulata har kafaɗuna, a natse, yadda mace take duba yadin da ta daɗe tana so. Ba ta san madubin ya tona ta ba. Da idanunmu suka haɗu a cikin gilashin, ta kau da kai da sauri ta hau kallon fitila.

A ɗakin kwanan sarauniya na'urar ta faɗi abin da na yi jinkirin fassarawa. Wai a kan idon jama'a matan sarakunan nan suke haihuwa, fadawa da manyan gari a tsaye, don kada a ce an musanya jaririn. Inna ta riƙe haɓa, ta tambaya har da maza. Na ce har da maza. Ta tambaya ina uwar yarinyar take aka yi mata haka. Na ce daga wata ƙasa ake auro su, ba mai biyo su. Na ƙara da cewa ana haihuwa ake ɗauke jaririn a miƙa wa masu reno a wani sashe na gidan. Ta daɗe tana kallon gadon nan mai labule da fulawoyi, mutane suna ture ta suna wucewa.

“Allah sarki,” in ji ta. “Ashe su ma karɓe musu ake yi.”

Su ma. Ban taɓa jin ta faɗi wani abu da ya kusanci wannan ba. Na so in tsaya a kan maganar, in tambaye ta yadda ta ji ranar da aka ɗauke ni, amma taron ya tura mu gaba, ita kuma ta riga ta rufe fuska.

Da muka fito bayan fadar na tsaya cak. Lambu ne da ido ba ya kai ƙarshensa. Daga inda muke matakala ta gangara zuwa wani kwarmin ruwa mai gumaka, daga nan doguwar shimfiɗar ciyawa ta miƙe, can ƙasa kuma tafki mai tsawo da ƙananan kwale-kwale a kai. Hagu da dama itatuwa ne da aka aske su suka zama bango, hanyoyin tsakuwa suna shiga tsakaninsu. Lokacin kaka ne, ganye ya fara ja yana zuba, iska mai sanyi tana kaɗawa. An sa wani kiɗan gargajiyarsu yana fita ta lasifikokin da aka ɓoye cikin shinge. Inna ta dubi filin nan duka, ta ce ƙasa mai kyau haka, ba gero ba dawa.

Muka gangara a hankali. Ta tsaya wurin wasu fulawoyi ta murza ganye ta shinshina. Gumakan farin dutse da ke jere a gefen hanya, maza da mata ba sutura, ta wuce su kanta a ƙasa. Ni kuwa raina fari tas, ina ta zuba kamar ɗan jagora, ina jin yau wani abu zai buɗe tsakaninmu. Ban lura da yadda take jan ƙafa ba sai da muka yi nisa cikin hanyoyin itatuwan, ta dafa wani benci ta zauna. Leɓunanta sun bushe. Ruwan da muka zo da shi ya ƙare. Na ce ta zauna nan kada ta motsa, zan samo ruwa da shayi mai zafi in dawo yanzu. Na tafi da jakar a kafaɗa, da maganinta da dabinonta a ciki. Wayarta kuwa tana gida, layinta ba ya aiki a ƙasar.

Wurin sayar da shayin ya fi yadda na zata nisa, ga layi. Da na juyo, kofin shayi a hannu, sai hanyoyin suka zame mini iri ɗaya: bangon ganye, tsakuwa, gunki a kusurwa, benci. Na shiga wannan na fita ta waccan. Da ƙyar na gane bencin, saboda gunkin wata mata mai riƙe da tulu da ke fuskantarsa. Wani saurayi da budurwa ne a kai, sun manne da juna. Inna ba ta nan.

Na tambaye su da Turanci, suka ɗaga kafaɗa. Na fara kiran Inna, da farko a hankali don kada in tara wa kaina jama'a, daga baya na daina jin kunyar kowa. Kiɗan nan ya shanye muryata. Na shiga wani kewayen itatuwa mai kwarmin ruwa a tsakiya, na tarar ƙofofinsa sun fi ɗaya, kowace ta fita wata hanya daban. Shayin ya zube mini a hannu, na jefar da kofin. Na sami wani ma'aikacin lambun na kwatanta masa ita, ya yi magana a rediyonsa, ya ce in kwantar da hankali, ana samun irin haka kullum. Shi bai san tun karin safe ba ta sa komai a ciki ba. Na taɓa ganin yadda sugarta take faɗuwa: gumi, rawar hannu, sai magana ta sarƙe. Na riƙa hango ta kwance a bayan wani shinge, Turawa suna tsallake ta, ba ta da takarda ko ɗaya a jikinta da za ta nuna ko ita wace ce.

Tsoro ya koma fushi, fushi ya koma tsoro. Na zagi mijin auta a raina, na zagi sarkin da ya rasa abin yi da ƙasa sai wannan ruɗani, na zagi kaina. Na gangara har bakin tafki ina leƙa fuskar duk wata mace mai lulluɓi. Hadari ya haɗu, an fara yayyafi. Na tsaya a ƙarshen doguwar ciyawar nan, na ce ya Allah, na yafe sunan, kada ta taɓa kira, Ka dai nuna mini ita.

Na ɗaga kai wajen fadar. Can sama, gefen hanya, bisa kawunan mutane da lemominsu, wani abu ruwan ɗorawa yana kaɗawa. Ya yi dama, ya yi hagu, ya sauka, ya sake tashi.

Ban san na iya gudu haka ba. Da na matso na ga abin da har yau in na rufe ido nake gani. Inna ce tsaye a kan bencin dutse, ita da ko matakalar gida sai ta dafa bango. Wata mata mai jiki, sanye da hijabi, ta rungume ƙafafunta don kada ta faɗo. Inna ta cire mayafin ta kama shi da hannu biyu tana kaɗawa sama. Wajen cirewa ɗankwalinta ya bi shi ya faɗi ƙasa, kanta a buɗe, furfura fat, 'yan siraran kitson da matata ta yi mata a Dubai sun jiƙe da yayyafi. Ban taɓa ganin gashin Inna ba sai ranar, ni da ɗaruruwan baƙi a lokaci ɗaya. Wasu sun tsaya suna murmushi, wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

Na sauko da ita. A karo na farko ta bar ni na riƙe ta, jikinta ba nauyi, yana karkarwa. Na tsinci ɗankwalin na miƙa mata ina kallon gefe, na tura mata dabino a hannu. Sai da ta ci, ta sha ruwan da na sayo, numfashinta ya daidaita, sannan labarin ya fito guntu-guntu, tana ba wa tsakuwar da ke gabanta. Saurayin nan da budurwarsa ne suka zo suka zauna kusa da ita suna abin da ido ba ya so, ga kuma lokacin azahar yana wucewa. Ta shiga cikin itatuwa ta yi taimama ta yi salla, da ta fito sai ta ga wata hanya ce daban. Ta nufi inda take hango ginin, har ƙafa ta ƙi.

Matar da ta taimake ta 'yar Aljeriya ce. Larabcinta daban, nawa na kasuwar Dubai daban, muka haɗu a tsakiya. Ta ce ta ga tsohuwar ita kaɗai tana rawar sanyi, ta zauna da ita. Can sai tsohuwar ta miƙe tana nuna wani mai hula a nesa, tana cewa wani abu da murya ƙasa-ƙasa. Matar ta gane ɗanta ne. Ta ce mata ta faɗi sunansa, ita tana da murya, za ta ƙwala masa kira, ko ta kai wa ma'aikata su yi cigiya. Ta tambaye ta da Larabci, ta maimaita, ta tabbata ta fahimta, don ta ga bakinta ya motsa. Amma ba abin da ya fito. Ina ta wucewa ina dawowa a can ƙasa, suna kallona. Daga nan ne tsohuwar ta kama benci ta fara hawa.

Matar ta rage murya, ta dafa mini hannu cikin tausayi. Ta ce in kai ta asibiti a duba ta, haka mahaifinta ya fara, da sunayen 'ya'yansa ya fara mantawa. Na ce mata ba mantawa ta yi ba. Na buɗe baki in yi bayani, na rasa ta inda zan fara, sai na yi mata godiya kawai.

Ba mu ƙara kallon komai ba. Muka hau ƙaramar motar da ke zagayawa da masu gajiya, muka fita, muka kama hanyar tasha. A jirgi muka sami kujeru masu fuskantar juna, babu inda za ta kai idonta sai taga. Raina yana tafasa. Na yi niyyar in yi shiru kamar kullum, amma da ta tambayi gilashin taga abin da Balarabiyar nan take cewa a ƙarshe, sai na gaya mata ba tare da na rage komai ba.

“Cewa ta yi kin manta sunana.”

Jirgin ya wuce wata tasha.

“Na manta?” in ji ta. “Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi?”

“To da kin faɗa mata, Inna. Da kin faɗi a wurin nan fa? Kin yarda ki hau dutse, kin yarda duniya ta ga kanki, amma sunana ya fi ƙarfinki. Tun ina yaro nake jira. Ko sau ɗaya.”

Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba, na kuma ji kunyar kaina tun kafin in rufe baki. Ba ta yi fushi ba. Ta ja mayafin ta rufe goshinta, ta kama gefensa tana murzawa.

“Na gwada,” ta ce. “A can na gwada. Na buɗe baki ya ƙi fita.”

Na jira ko za ta sake gwadawa. Ga mu mu biyu, babu wanda ya san mu a jirgin, babu mai jin Hausa. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Sai ta tambaya ko jaririn nan an yi masa wankan yamma.

Na koma Dubai na bar ta a can har aka yi arba'in, mijin auta ya sako ta jirgin da ya kai ta gida kai tsaye. Na koma Port Saeed, aka ci gaba da jan sunana ta kowane gefe. Na gaya wa kaina akwai lokaci. Tunda ta gwada sau ɗaya za ta sake, wataƙila in na je hutun salla, wataƙila a waya, inda ba ido. Duk ranar Juma'a in na kira, ƙanena ya miƙa mata, sai ta ce, kai ne? In ce ni ne. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da 'yar farin tawa.

Kafin hutun ya zo aka kira ni ina ofis. Inna ce ta faɗi a bakin rijiya da safe, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce ƙafar wataƙila ta dawo, harshen kuwa kada mu sa rai. Na zauna a kan wani kwali a sito, ma'aikata suna ta kirana a kawo takardun kwantena, na kasa amsawa. Kukan da na yi ba duka na tausayinta ba ne. Har da na kaina, don na san abin da nake jira ya tafi ke nan, kuma ban yafe shi ba kamar yadda na faɗa a bakin tafki.

Na isa ƙauye da rana tsaka. A tsakar gida wata ƙanwata ta tare ni, ta ce tun jiya da aka gaya wa Inna ina hanya ta hana kowa sakat, tana nuna akwati da hannun hagu, aka yi ta ciro kaya tana ture su, har aka kai ƙasa. Ban tambaye ta abin da aka ciro ba. Na cire takalmi, na yi sallama a ƙofar ɗakin da ban ƙara kwana a cikinsa ba tun da aka yaye ni.

Tana kwance a kan katifa, fuskarta ta karkace gefe ɗaya, ta rame. Mayafin ruwan ɗorawa yana kan ƙirjinta. Da ta ga inuwata a ƙofa ba ta kau da kai ba. Ta lalubi gefensa da hannun da ya rage mata, ta ɗaga shi sama iya ƙarfinta, ta kaɗa shi dama, ta kaɗa shi hagu.

Na durƙusa a bakin katifar.

“Na'am, Inna,” na ce.